Rumfar Kawu ta Cikin Salula

Ranar da aka kai Kawu makwancinsa, salular da ke cikin jakata ba ta huta ba. Ana yi mashi wanka tana girgiza, ana ɗinka likkafani tana girgiza. Da hantsi maza suka ɗauke shi suka fita, mu mata muka rage a tsakar gida muna bin su da ido, ita kuwa tana ta motsi a kan cinyata. Ba tawa ba ce. Ta sana'arsa ce, wadda masu sayen takalma ke aiko da saƙo ta cikinta. Na kasa kashe ta, na kuma kasa dubawa.

Innata, wadda ita ce ƙanwarsa, ba ta zubar da hawaye ba sai da maza suka dawo daga maƙabarta. Ta dubi ƙofar zaure ta ce, "To, yau dai Yaya ya zauna wuri guda." Matan da ke kan tabarma suka fashe da dariya ba shiri, don kowa a unguwarmu ta Tasawa ya san Kawu ba ya zama. Sai kuma dariyar ta juye kuka, har waɗanda suka gama nasu tun safe suka sake sabo.

Matarsa kuwa hura ce ta tsaya mata a rai. Duk wadda ta shigo gaisuwa sai ta gaya mata ta dama, ta kai mashi, ya ce a ajiye sai an jima. "Ga ta can rufe da faifai," take cewa, "ko ludayi ɗaya bai sha ba."

Da la'asar wani dattijon Bafillace ya iso daga wajen Korgom a kan moto, da fatun akuya uku ɗaure a baya. Shekara da shekaru shi ke kawo wa Kawu fata, kuma labarin bai riske shi ba sai da ya ga taro a ƙofar gida. An ce mani ya daɗe a tsaye, sannan ya kwance fatun ya zauna da su bisa cinya har aka kira magariba. Da aka matsa mashi ya sha ruwa, abin da ya ce shi ne, "Mutumin nan shi kaɗai ke shafa fata ya gaya mani irin dajin da akuyar ta yi kiwo."

Ƙanen Kawu, wanda muke ce wa ƙaramin Kawu, rumfa ɗaya suka yi aiki tun ban zo duniya ba. Ya karɓi gaisuwa da ka, ya tashi ya tafi rumfa, ya sauke asabari ya zauna a ciki.

Sai bayan sadakar uku na buɗe salular. Saƙonnin murya ne jere, daga Yamai, daga Agadas, daga Kano, har da Kwatano. Wasu ba su ji ba, suna ta "a gaida Baba, ga awon ƙafata nan." Wasu kuma sun ji, direbobin tasha sun kai masu labari. Wani mutum da bai taɓa taka Tasawa ba ya yi sallama, ya fara magana, ya kasa ƙarasawa har saƙon ya ƙare. Tun daga ranar ban samu natsuwa ba. In na zauna sai in miƙe, in na ɗauki aiki sai in ajiye. Shi ya sa na ɗauki bik da takarda. Ba tarihinsa zan bayar ba, shi kansa bai san shekarar da aka haife shi ba. Abin da na gani da idona zan faɗa, tun bai fara dusashe mani ba.

Kawu baduku ne, ɗan baduku. Mahaifina ya rasu ina ƙarama, don haka a gidansa na tashi, cikin warin bagaruwa da na sabuwar fata. Shi ya riƙe hannuna ya kai ni lekwal, makarantar boko, da jakar da ya ɗinka mani, wadda ta fi ni faɗi.

A tsaye yake yanka fata, a tsaye yake shan shayi. Ko ɗinki, da dole sai an zauna, in ya ɗan taɓa sai ya miƙe ya zaga rumfa, ya leƙa titi, ya gyara abin da ba ya buƙatar gyara. In ka gaishe shi, bakinsa na amsawa, idonsa na kan ƙafarka. "Taka in gani," zai ce, ko liman ne, ko ɗan sanda. In ka taka sai ya gaya maka kana jan ta hagu, ko kuma ka taɓa gurɗewa kana yaro. Mutane kan yi dariya, su tafi gida su tambayi uwayensu, su dawo suna mamaki. Ƙaramin Kawu kishiyar hakan ne. Daga safe har yamma yana zaune a kusurwa, basilla a hannu, kai a sunkuye. Babban ke yanka da rini da ciniki da surutu, ƙaramin yana can yana ja da zare.

Da takalman roba suka cika kasuwanni, abin ya fara sauyawa. Suna da araha, ruwa ba ya ɓata su, matasa kuma launi suke so. A lokacin ina aikin ordinata, wato kwamfuta, a wani ofis da muke ce wa biro a Maraɗi, ina zuwa gida ƙarshen sati. Wata rana na tarar da Kawu ya dawo daga kasuwar Mayahi da buhun da ya tafi da shi, mutum biyu kacal suka saya. Ya zazzage buhun a rumfa, ya jera takalman, ya mayar, ya sake zazzagewa.

Na ce, "Kawu, ku bar ni in buɗe maku shago a intanet. Masu son irin aikinku suna nan, nesa kawai suke."

"Shago ba ƙofa, ba inuwa? Ina baƙo zai zauna mu gaisa?"

"Cikin salularsa zai gani ya zaɓa, mu aika mashi ta tasha."

"Ƙafar fa? Ita ma ta tasha za a aiko mani da ita?"

Ƙaramin Kawu ne, bai ko ɗago kai ba, ya ce, "Yaya, bar ta ta gwada."

Wata guda na yi ina gina shagon. Na kwaikwayi manyan shagunan ƙasashen waje da nake gani: baƙin bango da rubutu ruwan zinari, hotuna manya-manya masu sauyawa da kansu, komai da Faransanci. Kafin mutum ya ga kuɗin kaya sai ya yi rajista da suna da lambar sirri. Na zuba kaya sun fi iri hamsin, har da abubuwan da Kawu ya daina yi tun tuni. A biro, inda rezo, wato sabis ɗin intanet, ke da ƙarfi, abin gwanin sha'awa. Abokan aikina har tafi suka yi mani.

Kawu bai tafa ba. Ya karɓi salular da na sayo don shagon ya sa a aljihu. Ranar kasuwar Korgom ya miƙa ta ga Bafillacen nan mai fata, ya ce ya gwada sayen takalmi a ciki. Da azahar sai ga kiransa.

"Ɗiyata, wani ɗan zobe ne ke ta juyawa a shagon naki. Mun sha shayi na farko, mun sha na biyu, yana nan yana juyi. Da ya gaji ya buɗe, sai ya tambayi bawan Allah lambar sirri. Yanzu mutum ya zo rumfata, sai in tare shi a bakin ƙofa in ce faɗi sirrinka kafin ka shigo?"

Na ji kunya, na ji haushi, amma na rushe shi duka. Daga nan aikin ya zama namu mu biyu, ni da ordinata, shi da ƙa'idarsa guda: duk abin da na gyara sai an kai shi kasuwar ƙauye, inda rezo ke zuwa yana ɗaukewa, a miƙa wa wanda bai yi lekwal ba. In ya iya, abin ya zauna. In ya kasa, a cire. Haka na yi ta rage nauyin hotuna har suka riƙa buɗewa kafin a gama gaisuwa. Kaya hamsin suka koma shida: takalmin maza iri biyu, na mata iri biyu, jaka, da gafakar Alƙur'ani. Hausa ta hau sama, Faransanci ya koma ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Rajista ta tafi. Da na nuna mashi ɗan hoton kwando da ake tara sayayya a ciki, ya tambaye ni wa na taɓa gani ya zo sayen takalmi da kwando. Shi ma ya tafi. Madanni ɗaya muka bari, babba, kore, an rubuta a kansa: "Yi magana da mai rumfa."

Saboda waɗanda ba su karatu, muka sa muryarsa ƙarƙashin kowane hoto. A nan muka sha fama. Bayanin farko da ya yi kan takalmin maza ya faro daga gaisuwa, ya gangaro kan mahaifinsa, ya bi ta kan jar akuya da majeman da suka jeme fatar, ya wuce minti goma bai iso ga takalmin ba.

"Kawu, rabin minti ake so."

"Rabin minti ai ko sallama ba ta ƙare ba."

Muka daidaita a minti ɗaya. Yana magana yana zagaya rumfa, ina bin sa da salula a hannu. Shi ya sa duk wanda ya saurara da kyau zai ji ƙarar takunsa a bayan maganar.

Matsalar ƙafa da ya fara jefo mani, shi ya warware ta da kansa. Ya ƙi yarda da lambobin kanti. Ya ce mutum biyu za su ce maka lambarsu ɗaya, in ka duba, wannan faffaɗar ƙafa gare shi, wancan siririya. Sai ya ce mai saye ya taka takardar kaye, wato littafin rubutu, a zagaye ƙafar da bik, a ajiye kwalin ashana a gefe, a ɗauki hoto. Shi ma ya ajiye irin wannan kwalin a rumfa, da shi yake gano ainihin girman zanen. Kuma da yamma za a yi awon, bayan ƙafa ta wuni tana aiki ta ɗan kumbura. Na zana wannan cikin hotuna uku na sa a shafi, ban taɓa ganin wanda ya kasa ganewa ba.

Ciniki ne ya fi yi mashi ciwo. Na ce dole a rubuta kuɗin kowane abu a fili, mutumin nesa ba ya son a ce mashi zo mu yi magana. Ya ce, "In ba a taya ba, ban ce albarka ba, ina daɗin kasuwar?" Kwana biyu yana ƙunƙuni, sannan ya yarda bisa sharaɗi, wato ba zai bar gyara ba. Duk ƙunshin da zai tafi tasha sai ya jefa wani ɗan abu daga ragowar fata, ko maratayar makulli ko ƙaramin alabe na yara, kuma ya hana ni rubuta hakan a shafi. Ya ce gyaran da aka yi shela ba gyara ba ne, talla ne.

Mai saye na farko wani malamin lekwal ne a Damagaram. Kawu ya raka ƙunshin har tasha, ya tsaya sai da mota ta cika ta tashi, ya kuma kira direban sau huɗu a hanya, har direban ya ce, "Baba, takalmi ne ko amarya?"

Rigimarmu ta zo a shekara ta biyu, gab da Babbar Salla, kuma laifina ne. Na halarci wani formasiyo, wato horo, na kwana uku a Maraɗi, inda aka nuna mana dabarun sa mai saye ya yi gaggawa. Na dawo na rubuta "saura biyu kacal" da jan rubutu ƙarƙashin takalmin maza. Na kuma ƙara wa hotunan haske, har jan karan dafi na Kawu, wanda ja ne mai duhu-duhu, ya koma kamar na tumatir. Ban gaya mashi ba. Komandi, wato saƙonnin masu saye, suka ƙaru, ina ta murna ni kaɗai.

Ana haka wata mata ta kira daga garin Tawa tana roƙo. Ta ce don Allah a riƙe mata ɗaya cikin biyun da suka rage, na mahaifinta ne, sai jibi za ta samu zuwa ƙauye ta auno ƙafarsa. Kawu ya ɗaga kai ya dubi igiyar rumfa. Irin wannan takalmin da ya tanada don Salla suna nan rataye, sun fi ashirin.

Bai kira ni ba. Washegari da safe ya shiga motar Maraɗi, sai ganinsa na yi a ƙofar biro, shi da bai taɓa zuwa ba. Na jawo mashi kujera, ko dubanta bai yi ba.

"Wa ya ƙirga maki biyu?"

"Kawu, dabarar kasuwa ce. Kowa haka yake yi."

"Wata mata na can Tawa tana roƙona kan ƙarya, ga muryata ƙarƙashin ƙaryar. Sannan wannan jan, a jikin wace fata kika gan shi? Ni dai ban taɓa rina shi ba."

Abokan aikina duk suna ji, kowa ya yi kamar yana duba takarda. Kunya ta juye mani zuciya. Ni da ban taɓa ce mashi "kai" ba, na ce, "Kai ba ka san yadda duniya ke tafiya ba. Kafin shagon nan, da kayanka kake komowa daga kasuwa."

Ya dube ni, ba ƙafata ba, fuskata. Ya ciro salular daga aljihu ya ajiye ta kan teburina a hankali. "Ga shagonki," ya ce, ya fita. Na leƙa ta taga na gan shi tsaye bakin titi yana waige-waige, bai san ta inda ake bi a koma tasha ba. Girman kai ya hana ni fita. Cikin duk abin da na yi mashi, wannan tsayuwar tasa ce ta fi dawo mani.

A ranar na goge jan rubutun, na mayar da hotuna yadda suke, amma na kasa zuwa gida. Sati uku. Saƙonnin Salla na shigowa ba mai amsawa. Inna ta aiko sau biyu, na ukun ta ce in ban zo ba kada in ƙara kiran ta Inna. Na je. Tun daga Maraɗi nake tsara ban haƙuri a cikin mota, na durƙusa bakin rumfa, ban kai ga buɗe baki ba ya ce, "Dunduniyar takalminki ta ci gefe. Cire." Na cire. Ya gyara shi a tsaye, ya buga shi a tafin hannu ya miƙo mani. Sannan ya nuna jakata da haɓa. "Kunna abin nan."

Ga abin da ya faɗa, wanda muka aika wa duk wanda ya saya a kwanakin: "Salamu alaikum, ni ne mai rumfa. An ce maku saura biyu, ba haka ba ne, suna da yawa. Jan da kuka gani ma ya fi nawa haske. Wanda bai gamsu ba ya maido, za mu karɓa. Laifina ne, ku yafe mani."

Na ce, "Kawu, ai ni ce na yi."

Ya ce, "Rumfar wa?"

Mutum biyu suka maido, ya karɓa. Tun daga nan da safe muke ɗaukar hoto, a inuwa, bisa tabarma. In akwai tabon ƙaya a jikin fatar, ya kan juya takalmin da kansa don tabon ya fito.

Akwai ranar da hoto ya shigo daga Agadas, zanen ƙafar dama kaɗai. Na aika cewa a turo ta hagu. Amsa ta daɗe ba ta zo ba, sannan aka ji muryar wani dattijo yana magana ƙasa-ƙasa. Ya ce ta hagun an yanke ta a likita shekarun baya. Ya san biyu-biyu ake sayarwa, zai sayi biyun, a jefar da ɗayan ko a ba wani. Na kunna wa Kawu. Ya zagaya rumfa sau uku, sannan ya ce in kira mashi mutumin. Sun fi rabin awa suna magana. Wace irin sanda yake dogarawa, wane gefe yake jingina, yashi ya fi takawa ko siminti. Ya yi mashi guda biyu, duka na dama, masu kaurin ƙasa, ya ce ƙafar da ke aikin biyu za ta cinye takalmi da wuri. Da aka gama ɗaure ƙunshin ya juyo kaina.

"Shagonki ya ɗauka kowa ƙafa biyu gare shi. Gyara."

Sai na ƙara layi ɗaya a saman shafi, da rubutu da murya: "In ƙafarka ta bambanta da ta mutane, kada ka ji nauyi, yi mana magana." Bayan nan masu shan inna suka fara aikowa, da masu ciwon suga da ƙafarsu ke kumbura, da wata uwa daga garin Sarkin Hausa da ɗiyarta ke da ƙafa ɗaya gajera. Ban san suna da yawa haka ba. Ina jin shi ma bai sani ba, don wani lokaci in ya saurare su sai ya fita ya bi titi har ƙarshen unguwa kafin ya dawo ya ɗauki wuƙa.

Ciwon ya fara ne da damina, numfashi ya riƙa yi mashi nauyi. Muka kai shi likita a Tasawa, daga can aka tura mu Maraɗi, aka ce zuciya ce ta gaji, sai hutu. Hutu kuwa shi ne abin da bai iya ba. Ya riƙa sawa ana kai shi rumfa a amalanke, ya jingina da ginshiƙi yana duba aiki yana haki. Da gero ya fara nuna, ko hakan ya gagara.

Zuwana na ƙarshe, da hantsi, na same shi kwance a ɗaki, ƙafafunsa na motsi ƙarƙashin zane kamar mai shirin tashi. Ya ce wa matarsa ta ba mu wuri.

"In na tafi, me za ki rubuta a shagon?"

"Kawu, ku daina irin wannan magana."

"Na san ki. Shiru za ki yi, ki bar muryata tana ta sayar da takalmi, mutane su ɗauka har yanzu hannuna ne. Ɗauko bik."

Na ɗauko. Yana faɗa yana tsayawa ya ja numfashi, ni kuma ina rubutawa: "Mai rumfa ya rasu. Ƙanensa ke riƙe da aikin yanzu. Jan da zai rina ba zai kai na marigayi ba, sai a hankali. Amma ɗinkin da kuke yabawa duk shekarun nan nashi ne, ba na marigayi ba. Hannunsa ya fi na yayansa tun suna samari."

Na ce, "Kun gaya mashi?"

Ya juya fuska bango. "Ke dai ki ajiye."

Kwana biyar bayan nan ya cika.

Takardar ta fi kwana arba'in a jakata. Na koma Maraɗi, amma ban san abin da nake yi ba. In buɗe shafin a biro, in kunna muryarsa, in rufe, in fita waje, in dawo. Masu saye na aikowa, ni kuma amsa ɗaya nake ba kowa, a yi haƙuri an yi mana rasuwa, ban faɗi ta wa ba. Sa wannan sanarwa a wurina kamar sake fitar da shi daga gida ne. Ƙaramin Kawu kuwa kullum yana zuwa rumfa, amma Inna ta ce bai taɓa basilla ba. Ya gaya mata in an gama arba'in zai bar sana'ar ya koma gona. "Wa zai sayi aikina? Sunan Yaya ake saye."

Ranar sadakar arba'in, bayan baƙi sun watse, na same shi a kusurwarsa da la'asar, hannuwansa bisa gwiwa ba komai a ciki. Na durƙusa na ce, "Kawu, akwai saƙon da aka bar mani, na daɗe da shi, ku yafe mani." Na ware takardar na karanta.

Bai ɗago ba. "Sake karanta wajen ƙarshe."

Na sake.

"Shi ya faɗa? Da bakinsa?"

"Da bakinsa, Kawu. Ni rubutawa kawai na yi."

Ya dubi tafin hannunsa. "Tun muna yara yake warware ɗinkina ya ce in sake. Har furfura ta fito mani yana dubawa yana girgiza kai. Ko sau ɗaya bai taɓa..." Bai ƙarasa ba. Ya rufe fuska da hannun rigarsa, kuma a ranar ne aka fara jin kukansa tun da aka yi rasuwar, kuka mai sauti, har maƙeran da ke maƙwabtaka da mu suka ajiye aiki suka leƙo. Na yi masu alama da hannu, suka koma.

Da ya natsu ya share fuska ya ce, "Ki sa yadda ya faɗa. Har da maganar jan, kada ki cire. Gaskiya ce, ban iya ba tukuna."

A nan bakin rumfa, a tsaye, na sauke muryoyin daga shafi na adana su, na sa sanarwar kalma da kalma.

"Mutum nawa ke jira?" ya tambaya.

Na gaya mashi.

"Wa ya riga?"

"Wata mata ce a Mayahi, na mijinta take so."

Ya miƙa hannu ya jawo fata daga kan igiya, ya shimfiɗa ta bisa gwiwa, ya ce in nuna mashi awon.

Allah ya jiƙan Kawu, ya gafarta mashi abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, ya yalwata makwancinsa ya haskaka shi. Wanda duk ya karanta har nan, ko ya san shi ko bai san shi ba, ina roƙo ya yi mashi addu'a. Mu da muka rage kuma, Allah ya ba mu ikon faɗa wa namu alherinsu da bakinmu, tun muna tare.